Churchill da buroshinsa: tambayoyi da amsoshi kan zane-zanen tsohon Firaministan Birtaniya

Tun da aka yi gwanjon wani zanen masallacin Marakesh, birnin ƙasar Maroko, a Landan a 2021, aka ce Winston Churchill ne ya zana shi da hannunsa, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawowa daga ɗaliban tarihi da masu sha'awar zane. Ga waɗanda aka fi yi, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi.

Wai da gaske Churchill ɗin da aka sani a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne mai zanen?

Shi ne, ba wani mai irin sunansa ba. An haife shi a 1874, ya mutu a 1965, kuma ya riƙe kujerar Firaministan Birtaniya sau biyu: daga 1940 zuwa 1945, sannan daga 1951 zuwa 1955. Duk da siyasa da yaƙi da tulin rubuce-rubucen da suka ci masa kyautar Nobel ta adabi a 1953, ya bar zane-zane sama da 500, kusan dukkansu da fentin mai. Yana da shekara 40 ya fara ɗaukar buroshi, bai kuma ajiye shi ba sai wajejen 1962, lokacin da tsufa ya ci ƙarfin ido da hannu.

Me ya kai ɗan siyasa mai shekara 40 ga zane?

Faɗuwa ce ta kai shi. Tun 1911 Churchill ne ministan da ke riƙe da rundunar sojin ruwan Birtaniya, kuma yana kan gaba cikin waɗanda suka matsa a kai hari mashigin Dardanelles na Daular Usmaniyya a 1915. Harin ya watse, jiragen yaƙi suka nutse, sojoji suka yi ta mutuwa a gaɓar Gallipoli. A watan Mayu na shekarar aka raba shi da ma'aikatar, aka ba shi wani muƙami na jeka-na-yi-ka. Mutumin da ya saba ba da umarni tun asuba har tsakar dare ya wayi gari yana jin labarin yaƙi, ba shi da ta cewa. Matarsa Clementine ta faɗa daga baya cewa ta ɗauka baƙin ciki zai kashe shi.

A bazarar shekarar iyalin suka kama hayar wani gidan gona, Hoe Farm, a yankin Surrey. Wata rana yana kai-komo a lambu ya tarar da Gwendoline, matar ƙanensa Jack, tana zane da fentin ruwa. Ya tsaya kallo, ya karɓi buroshin ya gwada, ya kuma yi wasa da akwatin fentin yara. Ba a daɗe ba ya sayo cikakkun kayan fentin mai.

Abin da ya biyo baya shi da kansa ya rubuta shi. Ya kafa ƙyallen zane fari fat, ya ɗauki ɗan siririn buroshi, ya ɗiga shuɗi wanda bai wuce ƙwayar wake ba, sai ya tsaya cak, tsoro ya kama shi. Yana nan tsaye ya ji ƙarar mota. Hazel Lavery ce, matar fitaccen mai zane Sir John Lavery. Ta tambaye shi me yake jira, ta ce a ba ta buroshi, babban. Ta tsoma shi a man tsarma fenti, ta yaɓo shuɗi da fari, ta shiga zabga wa ƙyallen manyan layuka ba ƙaƙƙautawa. Churchill ya ce a nan ya gane ƙyallen ba ya iya ramawa, kuma tun daga ranar bai sake jin tsoronsa ba.

Waɗanne irin abubuwa yake zanawa?

Mafi yawa shimfiɗar ƙasa ce: lambu, tafki, bakin teku, duwatsu, itatuwa, gadoji da tsofaffin gine-gine. Ruwa ya fi komai ɗaukar hankalinsa, musamman yadda rana ke faɗawa a kansa ta farfashe. Gidansa na Chartwell a yankin Kent, wanda ya saya a 1922, ya zana shi ta kowace kusurwa, cikin rani da cikin dusar ƙanƙara, kuma ɗan tafkin kifayensa masu ruwan zinariya ya sha komawa kansa. Sai kudancin Faransa, inda yake sauka a gidajen abokansa masu kuɗi a bakin Bahar Rum. Akwai Venis da tafkin Como a Italiya, da tsibirin Madeira inda ya zana kwale-kwalen masunta a 1950, da duwatsun Kanada a 1929, da dalar Giza a Masar, da Birnin Ƙudus. Maroko kuwa tana da tata amsar a ƙasa.

Idan ruwan sama ya hana shi fita, sai ya koma kan furanni ko kayan cikin ɗaki. Akwai wani zanensa na 1926 da ya jera kwalaben barasa da akwatunan sigari a kan tebur, wanda ke rataye a Chartwell har yau. Launi mai haske yake so. Ya rubuta cewa ba zai yi ƙaryar adalci tsakanin launuka ba: masu walƙiya suna faranta masa rai, ruwan ƙasa kuwa tausayi yake ba shi.

Me ya sa ba a cika ganin mutane a zanensa ba?

Ya ɗan taɓa zanen fuska, har da tasa da ta matarsa, amma kaɗan ne, kuma ba su ne gwanintarsa ba. Ana danganta masa cewa ya fi son itace saboda itace ba ya ƙorafin an munana shi. Gaskiyar da ke bayan barkwancin ita ce zanen jikin mutum yana buƙatar horo na shekaru, shi kuwa bai taɓa zama a ajin koyon zane ba. Inda mutane suka fito a zanensa na Marakesh ko na bakin teku, ɗige-ɗige ne na launi, masu nuna girman bango ko nisan hanya, ba mutane masu fuska ba. Wannan batun zai dawo a amsar da ke kan mulkin mallaka.

Wa ya koya masa?

Ba makaranta, amma ya samu malaman da ɗalibin makaranta zai yi mafarkinsu, domin gidansa na manya ne kuma abokansa manya ne. John Lavery ya buɗe masa ɗakin zanensa a Landan tun 1915. Paul Maze, haifaffen Faransa, sun haɗu a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka zama abokan zane har tsufa. Walter Sickert, wanda ya san Clementine tun tana yarinya, ya koya masa dabaru a 1927. William Nicholson ya yi ta zama a Chartwell a shekarun 1930, kuma Churchill ya ce shi ne ya fi koya masa. Clementine ta fi son tasirin Nicholson, saboda launukansa masu sanyi ne, ita kuwa tana ganin mijinta yana cika wa zane fenti har ya ɓata shi. Akan ce wani lokacin sai ta sa a ɗauke zane daga gabansa kafin ya ƙara masa.

Ya kuma koya ta hanyar kwaikwayo. Yakan aro zanen John Singer Sargent daga abokinsa Philip Sassoon ya zauna ya kwafe shi, kuma ya yi wa masu zanen Faransa irin su Monet da Cézanne kallon ƙurilla. Abin lura a nan shi ne halinsa. Mutumin da ba ya barin kowa ya gama magana a majalisar ministoci, idan mai zane na gyara masa kuskure sai ya yi shiru ya saurara. Waɗanda suka zauna da shi sun sha faɗin cewa lokacin zane ne kaɗai bakinsa ke hutawa.

Yaya yake gudanar da aikin? Da gaske yana amfani da hoto?

Fitarsa zane ba ƙaramar hidima ba ce. Mota ce ke ɗauko sandunan kafa ƙyalle, kujera, babbar lema, akwatunan fenti da buroshi, masu tsaron lafiyarsa da hadimai su kafa komai. Shi kuma ya zauna da farar riga doguwa ta aiki, da hula mai faɗin baki, sigari a baki, kofin abin sha a gefe. Yana aiki da sauri, yana matso fenti da yawa, ba ya tsumulmula. Yakan yi sa'o'i a wuri ɗaya har sai hasken da ya fara da shi ya gushe.

Batun hoto gaskiya ne, kuma bai ɓoye ba. Sickert ne ya nuna masa yadda ake haska hoto da majigi a kan ƙyalle, a bi gefunan gini ko dutse da gawayi, sannan a shiga fenti. Yakan sa a ɗauki hoton wurin da yake zanawa don ya ƙarasa aikin a ɗakin zanensa na Chartwell. Wasu na ganin wannan ha'inci ne. Ni ban ga haka ba: ƙwararru da yawa sun yi, kuma majigi layi kawai yake bayarwa, launi da haske sai mai buroshi. Amma ya tona inda rauninsa yake, wato tsara siffa da hannu zalla.

Me ya haɗa shi da Marakesh?

Haske. Ya fara zuwa birnin a hunturun 1935 zuwa 1936, lokacin ba ya riƙe da kowane muƙami a gwamnati, kuma Lavery na cikin waɗanda suka kwaɗaita masa Maroko. Abin da ya tarar ya dace da idonsa: jan ganuwar birni, koren dabino da zaitun, shuɗin sama, can baya kuma duwatsun Atlas da farar ƙanƙara a kansu. Ya je sau shida tsakanin 1935 da 1959, yawanci yana sauka a otal ɗin La Mamounia, inda yake zane daga baranda. Zane-zanensa na Maroko sun haura 40, kuma shi kansa yana lissafa su cikin mafi kyawun aikinsa. Ba a birni kaɗai ya tsaya ba, ya shiga kwarin Ourika, ya tsallaka har Tinghir.

A can ya ƙulla abota da Thami El Glaoui, Pasha na Marakesh, wato mai mulkin birnin. Ɗan Pasha ɗin, Hassan, yana son zane, abin da uban bai ɗauka sana'ar ɗan sarauta ba. Churchill ya ga aikin yaron ya sa baki a bar shi ya je ya koya. Hassan El Glaoui ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu zanen Maroko, an san shi da zanen dawakai da mahaya, ya rasu a 2018. A 2012 an baje zane-zanen mutanen biyu tare a Landan. Idan ana lissafin abin da Churchill ya yi wa harkar zane, wannan sa bakin ya fi yawancin zanensa amfani.

Mene ne labarin zanen hasumiyar Masallacin Kutubiyya?

A watan Janairun 1943 Churchill da Shugaban Amurka Franklin Roosevelt suka yi taron kwana goma a Kasablanka, inda suka sanar cewa ba za su karɓi komai daga Jamus da ƙawayenta ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. Da aka tashi, Roosevelt na shirin komawa, Churchill ya nace cewa ba zai yiwu a zo har Arewacin Afirka a tafi ba a ga Marakesh ba, kuma lallai yana son ya kasance tare da shi idan rana na faɗuwa a kan ƙanƙarar Atlas. Suka ɗauki hanya a mota, tafiyar kusan kilomita 240, suka sauka a wani gida da ake kira Villa Taylor. Gidan yana da doguwar hasumiya. Roosevelt ba ya iya tafiya saboda shan inna, sai mutum biyu suka sarƙe hannuwa suka ɗauke shi har sama. Shugabannin biyu suka zauna suna kallon launin duwatsu yana sauyawa.

Washegari Roosevelt ya tashi. Churchill ya tsaya, ya hau hasumiyar da kayan fentinsa, ya zana abin da suka gani: ganuwar birni, 'yan mutane ƙanana suna shige da fice, hasumiyar Kutubiyya wadda sarakunan daular Almuwahhidun suka gina a ƙarni na 12 tana tsaye sama da komai, duwatsu a baya. Ya ba Roosevelt zanen kyauta. Bayan mutuwar shugaban a 1945 zanen ya faɗa hannun ɗansa Elliott, wanda ya sayar, ya yi ta sauya hannu har ya kai ga 'yar fim Angelina Jolie. Ita ce ta kai shi gwanjo. Kuɗin da aka saye shi yana amsar da ke kan farashi.

Ya samu lokacin zane a cikin yaƙe-yaƙen biyu?

A na farko ya samu. Bayan ya ajiye muƙami a Nuwamban 1915 ya koma soja, a farkon 1916 yana jagorantar wata bataliya a Ploegsteert da ke Beljiyam, ya kuma kafa ƙyalle a farfajiyar gidan gonar da suka mayar hedikwata yana zana rusassun gine-gine ana luguden wuta. A na biyu kuwa, shekara shida, zane ɗaya tak ya yi, shi ne na Kutubiyya. Da ya sha kaye a zaɓen Yulin 1945, cikin 'yan makonni ya tattara kayan fentinsa ya nufi tafkin Como, ya yi ta zane ba ji ba gani. Yadda ya yi a 1915 haka ya maimaita bayan shekara 30.

Me ya sa yake ɓoye sunansa idan zai nuna zanensa?

Yana son ya san ko zanen ake yabo ko mai zanen. A 1921 ya baje wasu a wani ɗakin nuni a Paris da sunan Charles Morin, aka kuma sayi wasu. A 1925 ya shiga gasar masu zanen sha'awa a Landan, inda ba a sa suna, zanensa na hasken rana a Chartwell cikin hunturu ya zo na ɗaya. Ɗaya daga cikin alƙalan, dillalin zane Joseph Duveen, ya yi ta jayayya cewa wannan aikin ƙwararre ne, ba na ɗan sha'awa ba. A 1947 ya aika zane biyu zuwa nunin bazara na Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Birtaniya, da sunan David Winter, aka karɓi duka biyun. A shekarar da ta biyo baya cibiyar ta ba shi kujerar girmamawa ta musamman.

Ya kamata a ɗan rage gishirin labarin na 1947. Shugaban cibiyar a lokacin, Alfred Munnings, abokinsa ne, kuma shi ya zuga shi ya aika. Sakamakon 1921 da na 1925 sun fi zama hujja.

To, ya iya zane da gaske, ko suna ne kawai?

Ya iya, iyawar ɗan sha'awa mai ido da ƙarfin hali. Mafi kyawun aikinsa, kamar tafkin kifi na 1932 ko kogin Loup na kudancin Faransa na 1936, zai tsaya a bango kusa da na ƙwararrun zamaninsa ba tare da kunya ba. Ya san ruwa, ya san inuwa ba baƙa ba ce, tana da shuɗi da kore a cikinta. Amma cikin 500 ɗin da yawa aikin hutu ne, an yi cikin gaggawa, gaba da baya ba su zauna daidai ba. Bai kuma ƙirƙiro komai ba. Salon da ya bi, masu zanen Faransa sun gama shi tun yana yaro.

Abokansa sun wuce gona da iri wajen yabo. Ana ruwaito Oswald Birley, mai zanen fuskokin manya, yana cewa da Churchill ya ba zane lokacin da ya ba siyasa da ya fi kowa a duniya. Wannan maganar aboki ce. A ɗaya ɓangaren, lokacin da aka zagaya da zane-zanensa biranen Amurka a 1958, gidan adana zane na Chicago ya ƙi karɓa, daraktansa ya ce ba sa nuna aikin 'yan sha'awa. Jama'a kuwa suka yi ta tururuwa a wasu biranen, kuma nunin da Royal Academy ta yi masa shi kaɗai a 1959 ya ja mutum sama da 140,000. Shi kansa bai taɓa kiran kansa gwani ba, yakan kira aikin nasa 'yan shafe-shafe.

Nawa ake sayen zanensa, kuma me ya sa suke tsada haka?

Zanen Kutubiyya ne ke riƙe da kambu. A ranar 1 ga Maris 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da shi a Landan a kan kusan fam miliyan 8.3, alhali ƙiyasin da aka yi kafin gwanjon bai wuce fam miliyan 2.5 ba. Kafin nan mafi tsada shi ne tafkin kifi na 1932, wanda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar a Disamban 2014 a kan kusan fam miliyan 1.8, daga kayan da 'yarsa Mary Soames ta bari. Zanensa na ƙarshe-ƙarshe, shi ma na tafkin kifin, wanda ya ba mai tsaron lafiyarsa Edmund Murray, an sayar da shi fam 357,000 a 2017.

Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Mai saye ba fenti yake biya ba, tarihi yake biya: wa ya zana, a wace rana, wa aka ba. Shi ya sa waɗanda ya bayar kyauta ga manyan mutane suka fi tsada, kuma ya bayar da yawa: ga shugabannin Amurka Harry Truman da Dwight Eisenhower, ga Janar George Marshall na Amurka, ga Montgomery, kwamandan sojin Birtaniya, ga Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A rayuwarsa bai mayar da zanen haja ba, kodayake a 1950 ya amince kamfanin Hallmark na Amurka ya buga wasu a katunan gaisuwar Kirsimeti.

Gaskiya ne zane ya yi masa maganin ciwon damuwa?

Churchill yakan kira baƙin ran da ke sauko masa "baƙin kare", kuma littafin da likitansa Lord Moran ya fitar a 1966 ne ya yaɗa maganar. Masana tarihi sun rabu kan ko ciwo ne irin wanda likita zai rubuta wa magani, ko kuwa nauyin zuciya ne da ke zuwa idan abubuwa suka lalace masa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne lokutan da ya fi rungumar buroshi: bayan Dardanelles, da 1921 da ya rasa mahaifiyarsa da ƙaramar 'yarsa Marigold cikin 'yan watanni, da shekarun 1930 da aka mayar da shi saniyar ware, da bayan zaɓen 1945. Ya gaya wa John Rothenstein, daraktan gidan zane na Tate, cewa ba don zane ba da bai iya rayuwa ba, da nauyin al'amura ya fi ƙarfinsa.

Ya rubuta wani abu a kan zane?

Ya rubuta maƙala mai suna Painting as a Pastime, wadda ta fito a mujallar Strand a ƙarshen 1921 da farkon 1922, aka mayar da ita ɗan littafi a 1948. Hujjarsa ita ce kwanciya ba ta hutar da ƙwaƙwalwar da ta gaji, domin tana kwance tana ci gaba da niƙa damuwarta. Sai an ba ta wani aiki dabam, wanda ke buƙatar ido da hannu, sannan ɓangaren da ya gaji zai saki. Ya kwatanta zane da shirya yaƙi: a duba fili, a tsara, a ajiye dakarun ko-ta-kwana. Ya ce wanda ya fara da girma ba shi da lokacin bin matakai, ƙarfin hali ne jarinsa. A nan ne kuma ya yi barkwancin cewa idan ya shiga aljanna, kaso mai tsoka na shekara miliyan ɗaya ta farko a zane zai kashe shi.

Littafin ya yi tasiri fiye da girmansa. George W. Bush ya ce karanta shi ne ya sa ya fara zane bayan ya bar mulki. Eisenhower ma ya yi zane, kuma shi ne ya ƙarfafa a kai nunin 1958 Amurka. Zane ba shi ne kaɗai aikin hannun Churchill ba: ya yi ginin bulo da kansa a Chartwell, har ya karɓi katin ƙungiyar magina a 1928.

Mene ne ra'ayinsa kan zanen zamani, kuma me ya faru da hotonsa da aka ƙone?

Idonsa ya tsaya a kan Monet da Cézanne da Matisse, bai yi nisa da nan ba. A liyafar Royal Academy ta 1949, wadda aka watsa a rediyo, Munnings ya tashi ya ragargaji zanen zamani, ya kuma ce Churchill ya taɓa tambayarsa ko zai taya shi shurin Picasso idan suka haɗu da shi a titi. Churchill bai ji daɗin jefa sunansa a ciki ba, ya rubuta masa wasiƙar nuna ɓacin rai.

Na hoton ya fi zafi. Da zai cika shekara 80 a 1954, 'yan majalisa suka haɗa kuɗi suka sa Graham Sutherland ya zana shi. Sutherland ya zana abin da ya gani: tsoho a zaune, jiki ya saki, fuska a murtuke. Churchill ya tsani zanen. A bikin miƙa shi a zauren Westminster ranar 30 ga Nuwamba, ya ce wannan gagarumin misali ne na zanen zamani, zauren ya fashe da dariya, Sutherland na zaune. Aka kai zanen Chartwell, ba a taɓa rataye shi ba. Sai bayan mutuwar Clementine a 1977 aka bayyana cewa an daɗe da ƙone shi bisa son ranta. Mutumin da ya san wahalar cika ƙyalle ɗaya, gidansa ne ya hallaka aikin wani, saboda aikin ya faɗi gaskiyar da ba a so.

Mutumin da ya kare mulkin mallaka, me zai sa mu damu da zanensa?

Tambayar tana kan hanya. Churchill ya yi yaƙi a Omdurman a 1898 cikin sojojin da suka rusa daular Mahadi a Sudan. Shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mallaka daga 1905 zuwa 1908, wato yana ofis lokacin da aka murƙushe Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Ya rubuta a takardun ofis yana ƙyamar yawan zubar da jinin hare-haren Lugard, amma ƙyamar ba ta taɓa imaninsa da daular ba. Yana Firaminista aka yi yunwar Bengal ta 1943 da ta ci mutum wajen miliyan 3, kuma a mulkinsa na biyu aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya.

Zanen ba ya wanke wannan, sai ma ya haska shi ta wata fuska. A taron Alƙahira na Maris 1921, inda aka tsara ɗora Faisal a kan Iraƙi da Abdullahi a gabashin Kogin Urdun, yakan zame ya je ya zana dala. Marakesh ɗin da ya ƙaunata tana ƙarƙashin Faransa, kuma abokinsa El Glaoui na cikin waɗanda suka taimaka aka tsige Sarki Muhammadu na Biyar na Maroko a 1953. Ba ko ɗaya daga cikin wannan a ƙyallensa. Akwai ganuwa, akwai dabino, akwai haske, mutanen ƙasar kuwa ɗige-ɗige ne a bakin ƙofa. Mai kallo zai iya yaba launin, ya kuma lura da wanda aka bari ba fuska.

Ina ake ganin zane-zanen, kuma yaya ake gane na jabu?

Tarin da ya fi girma yana Chartwell, wanda hukumar National Trust ke kula da shi. Ɗakin zanensa na can ƙasan lambu, bangayensa cike da ƙyallaye, wasu ba a gama ba, ga kujerarsa da kayan fentinsa. Tate na da zanen kogin Loup. A Amurka akwai wasu a gidan tarihin Churchill da ke Fulton a jihar Missouri, da gidan adana zane na Dallas, wanda ya gaji kayan Emery da Wendy Reves, masu masaukinsa a kudancin Faransa a ƙarshen shekarun 1950. Sauran suna hannun iyali da masu tara kayan tarihi.

Tun da farashi ya hau, na jabu ma sun yawaita. Sa hannu ba hujja ba ne, domin da yawa bai sa musu hannu ba, waɗanda ya sa wa kuma yawanci haruffa uku ne kawai, WSC, da kowa zai iya kwaikwaya. Abin da dillalai ke dubawa shi ne kundin da David Coombs ya fara fitarwa a 1967, inda kowane zane ke da lamba mai farawa da harafin C, sai kuma takardun da ke nuna hannun da zanen ya bi tun daga Chartwell. Zanen da ba ya cikin kundin, da wuya manyan kamfanonin gwanjo su karɓe shi da sunan Churchill.